Shin "coward" daidai take da "matsoraci"?

Ɗan Agege:

Assalamu alaikum. Ina roƙon masana Turanci su warware mini wani abu. Makon jiya an aike mu Ikorodu ni da wani abokin aikina Bayarabe, da muka gama sai na ce mu hau jirgin ruwa mu tsallaka tsibirin Legas don mu kauce wa cunkoson motoci, shi kuwa ya ce ko za a yanka shi ba zai shiga ruwa ba. Cikin raha na kira shi coward, domin tun muna makaranta fassararta ke nan, matsoraci. Nan take ya murtuke fuska, har yau kuma gaisuwa ce kaɗai ke haɗa mu. Mu dai mukan ce wa aboki matsoraci a yi dariya a wuce. Kuskuren kalma na yi, ko shi ne mai saurin fushi?

Malamin Idi-Araba:

Wa alaikumus salam. Malam, fassarar ba ƙarya ba ce, amma nauyin kalmomin biyu ba ɗaya ba ne. Matsoraci a Hausa tana ɗaukar yaron da ke gudun allura, tana kuma ɗaukar namijin da ya tsere ya bar iyalinsa cikin gobara, yanayin magana ne ke rarrabe su. Ita coward ta fi karkata ga na biyun. Hukunci ce a kan halin mutum, wato wanda ya kamata ya tsaya, ya san ya kamata, amma ya zaɓi tsira da kansa ya bar wasu a ciki. Shi ya sa ake jifan wanda ya doki mace da ita, ko wanda ya zagi mutum a bayan idonsa ya kasa maimaitawa a gabansa, alhali babu wanda ya ga waɗannan suna rawar jiki.

A aikin soja ma laifi ce mai suna. A yaƙin duniya na farko sojojin Birtaniya sun harbe mutum 306 daga cikin nasu bisa tuhumar gudu daga fagen fama da cowardice da makamantansu, sai a shekarar 2006 aka yi musu afuwa. Kalmar da aka taɓa kashe mutum a kanta ba ta dace da wanda bai iya iyo ba ya ƙi shiga kwalekwale. Da ka ce masa "you are afraid of water", da bayani kawai ka yi. Mai yawan ɗari-ɗari a ɗabi'arsa kuwa timid ake ce masa, ita ma da sauƙi.

A kula kuma, ba a cewa "coward of water" yadda muke cewa mai tsoron ruwa. Coward sunan mutumin ne, cowardice sunan halin, cowardly kuma siffa ce, kamar a "a cowardly attack".

Hajiyar Mile 12:

Malam, Allah ya ƙara ilimi. Ni duk zatona daga cow aka samo ta, har ina mamakin yadda Bature ya ɗauki saniya matsoraciya, ga shi a mayankar Oko-Oba idan ta ƙwace igiya mahauta ne ke neman mafaka.

Malamin Idi-Araba:

Hajiya, saniya ba ta da laifi a nan. Daga tsohon Faransanci ta shigo Turanci wajen ƙarni na 13, bayan Normawa masu magana da Faransanci sun ci Ingila a 1066 harshensu ya zama na fada da kotu. Tushenta cauda ne na Latin, wato wutsiya, aka liƙa mata ɗafin nan na raini da ke ƙarshen drunkard, mashayi. Masana sun fi danganta ta da dabbar da ta cusa wutsiya tsakanin ƙafafu, irin karen da aka daka wa tsawa. Inda saniya ta shigo shi ne sunan iyali, domin Turawan da ake kira Coward sun gaji sunan ne daga cowherd, makiyayin shanu.

Baban Sadiya, Apapa:

Ina tare da Malam, sai dai ina ganin tsakanin aminai na ƙut da ƙut akan faɗe ta cikin wasa ba komai. Matsalarka, ɗan'uwa, ita ce kun yi aiki tare ne kawai, ba ku kai wannan sabon ba, kuma wataƙila a gaban mutane ka faɗa. Shekara 18 nake hulɗa da direbobin tirela a nan, abin da na fi ji a bakin mutanen Legas idan tsokana ce shi ne "fear fear" na broka. Idan kuwa suka ce mutum "no get liver", wai ba shi da hanta, to an fara taɓa mutuncinsa.

Ɗan Agege:

A gaban masu sayar da tikiti na faɗa kuwa, har wani ya yi dariya. Gobe in Allah ya kai mu zan same shi kafin a buɗe ofis in ba shi haƙuri.