Doki nawa ne a injinka? Masu harkar mota na Gombe, kowa ya faɗi abin da ya gani

Mai Accord, Tumfure:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Hirar da ta cika garejojin garin nan yanzu ita ce ta ƙara wa mota wuta don tseren miƙe, irin na Amurka da ake yi a mita 402. Kowa sai ya ce tasa ta haura doki ɗari biyu (doki shi ne ma'aunin ƙarfin inji), amma da wuya ka ga wanda ya auna. Duk wanda ya taɓa gwadawa, don Allah ya faɗi abin da ya yi wa injin da yadda ya gane ƙarfi ya ƙaru.

Ga nawa. Accord ce V6 ta 2004, kamfani ya rubuta mata doki 240. Mun sami fili mai kwalta a rufe da izinin masu shi, muka auna mita 402, na ɗauki gudun da ta kai a ƙarshe da GPS na waya, don allurar gudu ta mota takan ƙara kaɗan. Lissafin gano dokin shi ne ka raba gudun da 377, ka ninka abin da ya fito da kansa, ka ƙara ninkawa da shi sau ɗaya, sannan ka ninka da nauyin mota da direba a kilo, ka sake ninkawa da 2.2. Nauyinmu kilo 1,580, gudu kilomita 145 a awa. Ya ba ni kusan doki 198. Arba'in sun tafi ke nan, ga shi motar tana lafiya a idon kowa.

Bakanike, Jekadafari:
Wa alaikumus salam Alhaji. Wannan bai ba ni mamaki ba ko kaɗan. Yawancin motocin Beljiyam da ake kawo mana sun riga sun sha tafiya kafin su shigo ƙasar, mu kuma muka ƙara musu da ƙurar hunturu. Jiya-jiyan nan na buɗe wata Camry 2.4, matatar iskar ta koma ja kamar an tsoma ta a kunun kanwa, filogi huɗun duk bakinsu ya cinye, nozul biyu suna ɗiga maimakon feshi. Mai ita kuma salansa mai ƙara ya zo in sa masa.

Ni da na'urar OBD nake aunawa, 'yar ƙaramar nan da ake sokawa ƙasan sitiyari ta haɗu da waya. Idan motar tana da sansa mai auna iskar da ke shiga injin, ka duba giram nawa take sha a daƙiƙa lokacin da aka take totur har ƙasa kusa da jan layi, ka ninka da 1.25. Wannan Camry ɗin 112 ta nuna, wato doki 140, alhali 158 ne nata. Muka canza matata da filogi, muka wanke nozul da ita kanta sansar, ta dawo 122. Ƙiyasi ne, kuma sansa mai datti takan rage lamba, amma ya isa ya nuna maka ko aiki ya yi.

Abu guda da nake roƙo, ku daina cire tamostat, abin da ke daidaita zafin inji. Injin da bai kai zafin aikinsa ba ƙwaƙwalwar mota tana ta zuba masa mai fiye da kima, ƙarfi ba ya ƙaruwa, bakin mai kuma yana tsinkewa. Indomi, wato matatar hayaƙin da ke cikin salansa, ma haka, idan bai toshe ba cire shi ba ya ba ka abin kirki sai wari da wutar dashbod.

Mai Golf 3, Kumo:
Oga gaskiya ka faɗa. Ni hanyar da na bi daban ce. Tawa 1.8 ce mai doki 90, na ɗora mata injin VR6 mai 174. A nan ba sai ka auna ba, bayanka ne zai gaya maka idan ta manna ka da kujera. Amma injin shi ne mafi sauƙin ɓangaren aikin. Giya da kuloci da lagireto duk sai da aka canza, gaban motar ya yi nauyi aka canza shokozoba, birkin baya na ganga aka mai da shi na faifai. Wanda ba zai iya kuɗin birki ba ya haƙura da injin. Kuma a tashin farko tayar gaba ce ke ta juyawa a banza tana hayaƙi, sai da na sa tayoyi masu faɗi da lafiya kafin ƙarfin ya sauka ƙasa.

Malamin kimiyya, Bauchi:
Alhaji mai Accord, kada ka ɗora wa motar laifin arba'in ɗin gaba ɗaya. Lambar kamfani ana daidaita ta ne a kan iska mai zafin digiri 25, kusa da matakin teku. A Afrilu Gombe tana taɓa 40, kuma a wannan zafin iska ta rage kauri da kusan kashi 5 cikin ɗari. Tudu ma yana ci, kusan kashi 3 a kowace mita 300, mu a Bauchi muna wajen mita 600. Na gwada Corolla ɗina da OBD da azahar, na sake gwadawa bayan asuba cikin sanyin Disamba, lambar asuba ta fi a fili. Don haka duk mai kwatanta kafin gyara da bayan gyara, ya yi a lokaci ɗaya, wuri ɗaya, mai a tanki daidai.

Bakanike, Jekadafari:
Malam, Allah ya ƙara ilimi. Saura maganar turbo, na'urar da ke cusa wa inji ƙarin iska, da yara ke damuna da ita. An taɓa jawo mini wata da aka ɗaura wa turbo a wani gari, ba a ƙara nozul ba, ba a taɓa ƙwaƙwalwa ba, ba abin sanyaya iska. Da muka sauke tof silinda, fiston na uku ya narke a gefe, ring ya karye ya karce bangon silinda. Iska ta ƙaru, mai bai ƙaru ba, ga fetur ɗinmu da ba ya jure matsi mai yawa. Kuɗin da ya kashe da ya saye masa injin V6 lafiyayye.

Mai Accord, Tumfure:
Na gode ƙwarai. Oga, zan kawo ta ka duba matsin silinda shidan da nozul da filogi kafin a taɓa komai, sai mu sake aunawa da sassafe kamar yadda Malam ya ce. Sai dai ina roƙon kada kowa ya ɗauki lissafin nan ya hau hanyar Dukku ko ta Bauchi, akwai shanu da 'yan acaɓa da yara masu tsallaka titi, kuma mota mai gudun 145 tana buƙatar fili mai tsawo kafin ta tsaya. Wanda ya san wurin da za a iya rufewa da izini, mai tsawon da ya kai mita 800, ya sanar da mu a nan.