Wace ƙa'ida za mu kafa da ba za ta kori kowa ba?

Assalamu alaikum 'yan'uwa marubuta. Shawara nake nema, don abin ya cushe mini.

Ni aka ɗora wa tsara ƙa'idojin ƙungiyarmu ta masu rubuta labaran aljanu, dodanni da rayuwa a wasu duniyoyi. Batun karin harshe bai wahalar da ni ba: mutumin Damagaram ya rubuta ƴ, Bakano ya rubuta 'y, Basakkwace ya ce "mi" ba mai gyara masa.

Addini ne ya tsaya mini a wuya. Wata baiwar Allah ta kawo labarin da jarumarsa 'yar bori ce, har iskokin bori irin su Inna da Sarkin Rafi suna magana a ciki. Wasu suka ce shirka ce, a cire. Ita kuma ta ce ƙage ne, ba wa'azi ba. Ni dai labarin ya burge ni, amma mutum uku sun fita, Kiristocin cikinmu kuma sun yi gum.

Na gwada dokar sanya gargaɗi a farkon labari, ba ta kashe wutar ba. Don Allah, yaya zan rubuta ƙa'idar da za ta hana ɓatanci ga addini ba tare da ta ɗaure alƙalamin marubuci ba? Kuma wa zai yanke hukunci idan aka saɓa?