Da gaske ana jin kukan bayi a kurkukun Cape Coast?

Ɗan Zangon Kumasi: Salamu alaikum jama'a. Jiya na dawo daga Cape Coast, garin bakin teku a Ghana inda tsohon ginin da Turawa suka riƙa tsare bayi yake. Wani masunci ya rantse mini cewa in dare ya tsala ana jin nishi da ƙarar sarƙa daga kurkukun maza na ƙarƙashin ƙasa. Ni kam na yarda. Inda aka riƙa cusa mutum kusan 1000 cikin duhu, ga coci a samansu ana ta waƙa, ai ba ya rasa motsi.

Malamin Allo: Wa alaikumus salam. Ɗana, wanda ya mutu yana barzahu, ba ya dawowa yawo. In ma an ji wani abu, sai dai aljanu, su ne masu son kango.

Ticha: Allah gafarta Malam, ba sai mun kai ga aljanu ba. A kan duwatsun bakin teku ginin yake. Igiyar ruwa na dukan dutse, iska na kurɗawa ta 'yan kafofin bango, dole cikin dare ka ji kamar nishi. Tun 1807 Ingila ta haramta cinikin bayi, wace sarƙa ta rage da za ta yi ƙara?

Ɗan Zangon Kumasi: To karce-karcen da ke ɗakin waɗanda aka yanke wa mutuwa fa, Ticha? Su ma iska ce?

Ticha: Wannan rayayyu ne suka yi, shi ya sa ya fi tayar mini da hankali.

Hajiyar Nima: Ku bar ni in sa baki. Sau biyu na shiga, ban ji kukan kowa ba. Amma da ɗan jagora ya ce abin da muke takawa ba daɓe ba ne, kashi ne da jini da amai na mutanen da aka tsare suka daskare a kan bulo, wallahi ƙafafuna rawa suka kama. A ginin tsare bayi na garin Elmina, wanda Turawan Fotugal suka gina a 1482, an nuna mana tsakar gidan da ake jera mata, gwamna yana leƙowa daga bene yana zaɓa. Kwana uku na kasa cin abinci. Ƙanena, me zan yi da labarin fatalwa bayan wannan?

Malamin Allo: Hajiya, kin fi mu gaskiya. Allah ya isar musu.

Jikan Fatake: Akwai abin da muke kewayewa. Da yawa daga cikinsu daga arewa aka gangaro da su, ta Salaga, aka yi musu wankan ƙarshe a rafin Assin Manso. Salagar nan kuwa ita ce kasuwar da kakanninmu suke fataucin goro, kuma ba goro kaɗai wasunsu suka saya suka sayar ba.

Ɗan Zangon Kumasi: Yaya, wannan magana tana da nauyi. Har yanzu ina nan a kan cewa masuncin bai yi mini ƙarya ba. Amma bayan Sallah Salaga zan je, in ga rijiyoyin da aka ce a nan ake yi musu wanka kafin a kai su kasuwa.

Hajiyar Nima: In ka tashi ka yi mini magana, tare za mu.