Bayan rainon ɗiya ina son in koma karatu in zama malamar kimiyya, ku ba ni shawara

Maman Halima:
Assalamu alaikum ƴan uwa, ina kwananku ina gajiya. Na daɗe ina karanta abin da ake rubutawa nan amma yau ne na ce bari in kawo tawa. Ni matar aure ce nan Maradi unguwar Zariya, shekaruna 39, ɗiyana biyar, babbar tana terminal, ajin ƙarshe na sakandare, autan kuma bana ya shiga lakwal. Na samu bak D, takardar gama sakandare ta fannin kimiyya, tun ina budurwa, shekarar anka ɗaura mani aure, daga nan sai haihuwa da raino da hidimar gida, takardar tana cikin akwati har yanzu ban taɓa yin komi da ita ba. To yanzu gida ya yi sauƙi, yara sun tasa, kuma duk dare ni ka zama da su kan dubuwar ɗin SVT (kimiyyar halittu da ƙasa) da fizik, sai in ga abin bai tahi ba yana nan cikin kaina, har ɗiyan maƙwabta suna zuwa da kayensu in yi masu bayani. Abin da ya ƙara tada mani hankali, ɗiyata tun daga sizyam, ajin farko na sakandare, har terminal mace ba ta taɓa koya mata kimiyya ba, duk maza ne, kuma ƙawayenta da yawa sun gudu zuwa seri A, fannin adabi, don an ce masu lissahi ba na mata ba ne. Ina son in zama malama ta gaske mai takarda, in koyar da SVT a CEG, wato ƙaramar sakandare. Maigidana bai hana ba amma ya ce shi bai ga hanyar ba, kuma Yamai ba za ni iya zama ba in bar yara. Mi ya kamata in fara da shi? Shekaruna ba su wuce ba? Don Allah wanda ya san harkar ya gaya mani gaskiya ko da ba daɗi.

Mushe (malamin makaranta) mai ritaya:
Wa alaikumus salam ɗiyata. Allah shi yi albarka, shi cika maki wannan buri. Na koyar da fizik da shimi har na aje alli, don haka bari in gaya maki yadda abin yake.

Bak ɗinki bai mutuwa, wannan ki kwantar da hankali. Abin da ke gabanki hanya biyu ne kuma kada ki haɗa su. Makarantar horon malamai ta Bawa Jangwarzo da ke nan Maradi malaman firamare take fiddawa, in kin bi nan za ki koyar da komi da komi ga ƙananan yara, ba kimiyya kaɗai ba, kuma ba shi kika ce kina so ba. Malamin CEG da lise horonsa na ainihi a ENS yake, babbar makarantar horon malaman sakandare, cikin Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai, kilomita sama da 600 daga nan, kin ce kuma zaman can bai yiwuwa. To abin da ya rage maki, kuma ba ƙaramin abu ba ne, jami'armu ta Dan Dicko Dankoulodo tana da sashen kimiyya da fasaha, akwai bayoloji akwai shimi akwai fizik da lissahi, lisans shekara 3 ne in ba a maimaita ba. Mu lokacinmu babu wannan, sai 2010 Maradi ta samu jami'a tata, kahin nan duk mai son karatun sama sai ya ɗauki jaka ya nuhi Yamai ko waje. Malaman kimiyya da yawa da ke cikin azuzuwanmu yau da lisans sunka shigo, ta hanyar sarbis sibik, wato bautar ƙasa, ko kwantiragi, aikin koyarwar kuma cikin aji sunka koye shi.

Maganar shekaru kuwa, jami'a wani abu ne, shiga aikin gwamnati da lambar ma'aikaci wani abu ne dabam, shi yana da iyakar shekaru. Kahin ki kashe ko dala ki tahi ofishin ilimi na jiha da ƙafarki ki nemi a nuna maki a rubuce, ki lissafa shekarunki ranar da za ki gama ba na yau ba. Kada ki tsaya ga an ce an ce.

Sai abu na ƙarshe da nike son ki riƙe da kyau, Faransanci. Ko da anka ce Hausa ta zama harshen ƙasa a 2025, darasin kimiyya da jarabawar BEPC ta ƙarshen CEG da bak har yanzu da Faransanci ake yinsu. Wanda ya yi shekaru bai rubuta shafi guda ba zai ji hannunsa ya yi nauyi. Ki ɗauki littattahan ɗiyarki na terminal ki bi su babi babi da bik da takarda, ki yi tsoffin tambayoyin bak kina duba agogo. In kin ga kina iyawa, ki kai dosiye.

Abban Sultan:
Hajiya ni dai zan faɗi abin da wasu za su ji kunyar faɗi. Ƙanena ɗan kwantiragi ne, lissahi yake koyarwa, abin da ake ba shi bai kai shi ƙarshen wata kuma sau da yawa sai wata ya shiga cikin wata kahin ya gani. Kuma sabon malami ba cikin gari ake aje shi ba, can anka fi buƙatarsa, ƙauyukan Dakoro ko Mayahi ko Gidan Runji, aji na zana yara sun cika shi maƙil babu labo babu ruwa babu wuta. Ke da kika ce Yamai ta yi maki nisa, in anka tura ki ƙauye wa zai riƙe maki gida? Shekara 3 na kuɗin rajista da fotokopi da kabu-kabu safe da marece ba wasa ba ne ga mai ɗiya biyar, ga kuma babbar ita ma jami'a za ta shiga baɗi in Allah ya yarda. Ba hana ki nike ba, amma tunda yara suna zuwa wurinki da kansu mi zai hana ki buɗe darasin marece cikin gida ki sa masu jika biyu ko uku a wata, kin koyar kin samu na cefane kuma kina ɗakinki.

Madam SVT:
Ƴar uwata sannu da ƙoƙari, na karanta saƙonki har ƙwalla ta zo mani don hanyar da kike tambaya ita na biyo. Ni ma sai da na yaye autata na koma, na wuce talatin da biyar lokacin, yanzu ina koyar da SVT a wata makaranta mai zaman kanta nan cikin gari.

Abin da Abban Sultan ya faɗa na kuɗi gaskiya ne ban musa ba, amma ban yarda ki tsaya ga darasin gida ba. Yaran da iyayensu ke iya biyan darasin marece ba su ne ke barin makaranta ba. Yarinyar da ake shirin cirewa a katiriyam a yi mata aure tana cikin aji ne, can za ta ganki, kuma in uwarta ta zo ta tarar da mace mai aure mai ɗiya, da hijabinta, tsaye gaban allo tana bayanin yadda jini ke zagaya jiki, maganar da za ku yi da ita dabam take da wadda za ta yi da saurayin mushe. Darasin balaga da al'ada da ciki da haihuwa, na ga maza da yawa suna bi ta kansa da gudu don kunya, yaran ma sai su sunkuyar da kai a tashi ba wanda ya fahimci komi. Ni da na haihu na yi goyo na kwana gidan likita da yaro mai zazzaɓin cizon sauro, in na zo kan waɗannan ba daga littahi kaɗai nike magana ba, ƴan matan kuma bayan an tashi sai su biyo ni da tambayoyin da ba su iya yi wa iyayensu. Wannan shekarun da kike ganin sun tahi a gida su ne za su riƙe maki aji, wanda ya iya da rigimar yara biyar ƴan sizyam ba su ba shi tsoro.

Maganar babu labo kuma, eh babu, amma ba shi ke hana gwaji ba. Ruwan zoɓo na kai aji, in ɗiga lemun tsami ya ƙara ja, in sa ruwan kanwa ya juye ya yi duhu-duhu kamar kore, daga nan sun gane asid da baz kuma ba su mancewa. Wake cikin gwangwani da auduga mai laima, ɗaya a rana ɗaya cikin duhu, su da kansu za su riƙa aunawa suna rubutawa. In muna kan ƙasa da itatuwa sai in tambaye su don mi hatsin da ke ƙarƙashin gawo ya fi kyau, ɗiyan manoma sun san haka tun suna ƙanana, abin da ba su sani ba shi ne gawo na zubar da ganye da damina ya ba ƙasa taki kuma bai tare wa hatsi rana. Kuma kullum ina gaya masu Abdou Moumouni da anka sa wa jami'ar Yamai sunansa a Tasawa anka haife shi a 1929, nan jiharmu, masanin fizik ne da ya yi aiki kan hasken rana har duniya ta san shi.

Wahalar da ke ciki kuwa shekarar farko ce. Za ki zauna da yara sa'annin ɗiyarki, suna rubutu da sauri ke kina baya, lissahi da shimi na shekarar farko su sunka fi ba ni wuya ba bayoloji ba. TP kuma, wato aikin gwaji cikin labo, ba a fashinsa, ranar da ke akwai biki ko suna cikin dangi za ki zaɓa, kuma za a yi magana, dangin miji musamman. Ki zauna da maigidanki tun yanzu ku raba komi a fili, wa zai kai auta lakwal, wa zai ɗora tukunyar rana, kada ki bar shi a kan "ban hana ba" don wannan bai isa ba in jarabawa ta matso. Ni bayan sallar asuba nike karatuna kahin gida ya tashi.

Ɗan fak:
Inna barka da ƙoƙari, ni ɗalibi ne a sashen kimiyya nan jami'ar Maradi. Muna da manya cikinmu, wasu ma malaman firamare ne da sunka dawo ƙarin karatu, ba wanda ke yi masu kallon komi, mu ma wurinsu muke neman shawara. Ki shirya takardar bak da ta makin da kika samu da takardar haihuwa da ta ɗan ƙasa, ki kai a buga masu hatimi tun da wuri don lokacin rajista layi na yin tsawo. Kuma ki samu waya mai WhatsApp mai ɗan wuri, darussa da yawa da canjin lokacin aji ta gurup ake turo su. In kin shigo ki yi mani magana nan in turo maki darussan shekarar farko ki fara dubawa.

Maman Halima:
Na gode ƙwarai, Allah shi saka da alheri. Baba mushe na ji, ranar Litinin in sha Allah za ni ofishin ilimi in ga maganar shekarun da idona, kuma na riga na karɓi littahin lissahin ɗiyata. Abban Sultan ban ƙi taka ba, darasin marecen zan fara shi bana don ya taimaka da kuɗin rajista, amma aji nike so. Jiya da dare na karanta wa maigida saƙon Madam, ya yi shiru sannan ya ce auta shi zai riƙa kai shi bisa babur. Madam don Allah tambaya guda, makarantu masu zaman kansu suna ɗaukar mutum yana cikin shekara ta biyu ko sai lisans ta fito?

Madam SVT:
Ya danganta da makarantar, wasu na ba ɗalibi awowi kaɗan a sizyam da sankyam in sun rasa malami, ana biya da awa. Amma kada ki karɓa a shekarar farko ko an ba ki, ba za ki iya haɗa su ba. Ki bari sai kin wuce ta biyu lahiya, sannan ki zo ki zauna bayan ajina ki ga yadda ake shirya darasi da cika kayen aji kahin ki nemi naki.