Musayar baituka kan District 9: baƙin sama da baƙin ƙasa

Ɗan Baiwa na Fagge

Assalamu alaikum masu alƙalami. Ga wanda bai kalli District 9 ba, fim ne na Neill Blomkamp da ya fito a 2009. Jirgin wasu halittu daga wata duniya ya tsaya cak a saman Johannesburg a 1982, aka sauko da su a galabaice, aka killace su a unguwar bukkokin kwano, ana kiransu jatan lande don raini. Bayan shekaru sama da ashirin kamfanin MNU ya tura ma'aikacinsa Wikus ya raba musu takardar tashi, daga baya shi ma jikinsa ya fara rikiɗewa zuwa irin nasu. Na buɗe fage:

Da sunan Allah nake farawa,
Mai halittar da ba ta ƙirguwa.

Jirgi ya tsaya a saman birni,
Ba ya gaba, ba ya komawa.

Aka fasa shi aka sami baƙi,
Yunwa ta bar su ba motsawa.

Aka kai su bayan waya mai ƙaya,
Ɗakunan kwano masu ɗigowa.

Abincin kyanwa na cikin gwangwani,
A kansa suke ta yin kokawa.

Wikus ya zo da takarda a hannu,
Wai su dangwala, su kama ficewa.

Ya sa wa bukkar ƙwansu wuta,
Ƙwai na fashewa, shi yana darawa.

Wanda bai ji tausayi a nan ba,
Zuciyarsa na bukatar wankewa.

Zulai 'yar Gusau

Wa alaikumus salam Yaya Ɗan Baiwa. Kai tausayi ka gani, ni jini na gani.

Yaya, ka ce mu je mu yi kallo,
Ba ka ce tuwo zai ƙi haɗiyuwa.

Bindigar baƙi in ta yi walƙiya,
Mutum yana tsaye sai tarwatsewa.

Farce na zarewa daga yatsa,
Haƙori na binsa yana zubewa.

Baƙin amai bisa kek ɗin walima,
Hannu ya koma irin na ƙaguwa.

In tausayi kake son koya min,
Me ya kawo hanji yana warwatsuwa?

Ƙanwata ta tashi tun a tsakiya,
Har yau nama ba ta taɓawa.

Ɗan Baiwa na Fagge

Ran layya ke ke riƙe ƙafar rago,
Ba mu ji an ce kina sumewa.

Jinin fim ne ya hana ki barci,
Na korarru bai hana ki kwantawa.

Ƙanwata, sunan fim ɗin ma daga District Six aka samo shi, unguwa ce a Cape Town da gwamnatin wariyar launin fata ta ayyana ta farar fata zalla a 1966. Mutum sama da 60,000 aka kwashe, aka bi gidajensu da katapila. Wannan ne jinin da ya kamata ya hana ki cin tuwo.

Zulai 'yar Gusau

Rago na yanka da bisimilla,
Naku yanka ne na burgewa.

Tarihin Cape Town na sa kuka,
Ba sai an haɗa da kai yana cirewa.

Sarkin Zambo na Tudun Wada

Ku ajiye "wa" ɗin nan haka, amsa-amon malalata ne, ɗan firamare ma zai jera baiti ɗari da shi. Ga "ri", mai ƙarfi ya biyo ni. Kuma ku biyun duk kun tsallake inda ƙurjin yake.

Ɗan Baiwa, kana kuka kan ƙwari,
Ka bar ɗan uwanka cikin sharri.

Wa aka ba wa fataucin makamai?
Mu ne, da tsafi da asiri.

Wa ke cin naman baƙi ɗanye,
Bokanya gefe tana ta kirari?

Shugaban daba sun raɗa mai suna,
Obesandjo, ba ɓoyo ba sirri.

Ka tafa wa wanda ya zage ka,
Ka ce miyarsa ta ji gishiri.

A fim ɗin nan 'yan Najeriya su ne masu karuwai, su ne masu sayar wa baƙin abincin kyanwa da tsada, su ne masu cin namansu wai don bindigoginsu su yi musu aiki. Shi ya sa a watan Satumba na 2009 ministar yaɗa labarai, marigayiya Dora Akunyili, ta nemi gidajen sinima su daina nuna shi, ta kuma nemi kamfanin Sony ya ba da haƙuri. Wanda ya fito a shugaban daban ma, Eugene Khumbanyiwa, ɗan Malawi ne. Sunanmu kawai aka ara don a shafa masa baƙi.

Hajiya Mai Goro ta Damagaram

Allah ya ƙara basira, Sarkin Zambo! Zazzau ba ta taɓa ba mu kunya ba a fagen alƙalami. Ni ba 'yar Najeriya ba ce, amma zagin ya same ni. Kanawa su koma Kurmi su yi ciniki, waƙa ta Zage-zagi ce.

Ɗan Baiwa na Fagge

Hajiya, a bari a gama wasa kafin a raba kyauta. Sarki, na karɓi "ri" ɗinka.

Ka ga 'yan daba, ba ka ga likita ba,
Da ke yanka baƙi cikin tsari.

Surukin Wikus ya ce a feɗe shi,
Da ransa, don riba ta yi ƙari.

Sojan haya na harbi yana murna,
Shi ba ɗan Legas ba ne ko Owerri.

Wuƙar fim ta yanki baƙar fata,
Amma ta fi nitsewa a fari.

Idonka sai inda aka taɓa ka,
Shi ya sa ka hau fage da sauri.

Sarkin Zambo na Tudun Wada

Cikin farare akwai mai kuka,
Akwai matar da ke jiran alheri.

Cikin namu nuna min mutum ɗaya,
Da ya yi sallama ba da wuƙa a wuri.

Auwalu na bakin Kurmi

Hajiya Mai Goro, da girmanki, ba za a taɓa Kano ina raye in yi shiru ba.

Kano ta Dabo ba ta tsoron Zariya,
Fim ɗin ya ci kuɗi dala miliyan 30 amma ya dawo da sama da miliyan 200 a duniya,
Har Oscar sun sa shi a takara huɗu,
Mai hassada sai dai ya sha wuya.

Malam Mai Arulli

Subhanallah. Auwalu ɗana, ɗangonka na farko gaɓa 12 ne, na biyu gaɓa 34. Na ƙirga sau biyu. Wane numfashi ne zai rera wannan? Lissafinka daidai ne, amma rasit ka rubuta. Sauran ma ba ku tsira ba. Sarkin Zambo, ɗangon da ka ƙare da "wuƙa a wuri" ya karye, ka cusa "wuri" ne don kawai "ri" ta fito. Rubutacciyar waƙa tana da kari. Halilu ɗan Ahmad na Basra ya fitar da karuruwa 15, Ahfash ya ƙara Mutadarak suka zama 16, malamanmu na ƙasar Hausa kuma a kansu suka gina waƙoƙinsu tun zamanin ajami. Ga Mutadarak, gaɓa 8 a kowane ɗango, duk masu nauyi:

Baitin kirki sai an auna,
Na zo gyara ne don ƙauna,
Ɗango in ya zarce layi,
Zance ne, mai ji zai raina.

Sarkin Zambo na Tudun Wada

Allah gafarta Malam, ɗango huɗu ka kawo, ba ko kalma ɗaya a kan baƙi, ba ko ɗaya a kan zagin da aka yi mana. Makaɗan Hausa ba su karanta Halilu ba, kalangu da taushi ne ma'auninsu, kuma ba a taɓa jin sun faɗi ba.

Malam ya zo da sikeli hannu,
Ana gobara yana awon wuri.

Ga "wuri" na sake sa maka,
Ka kai ƙara Basra da sauri.

Malam Mai Arulli

Waƙar baka daban, rubutacciya daban. Makaɗi yana da ganga da 'yan amshi su rufa masa asiri in ya yi tuntuɓe, yana ja da murya ya cike gurbi. Kai da ka rubuta, wa zai ja maka? Mai karatu ba shi da komai sai abin da ka ajiye masa. Sannan ka maimaita "sauri" da Ɗan Baiwa ya riga ya kashe.

Hajiya Mai Goro ta Damagaram

Malam, ai ba ka ƙirga na Ɗan Baiwa ba. "Ƙwai na fashewa, shi yana darawa" ya fi ɗan uwansa tsawo. Ko don ɗan garinku ne?

Auwalu na bakin Kurmi

Malam ba Bakano ba ne, Hajiya, Bakatsine ne. Kuma nawa baitin in an rera shi da sauri yana shiga.

Malam Mai Arulli

Ba ya shiga, Auwalu.

Baba Alhasan na Zangon Kumasi

Salamu alaikum. Na makara, sai jikana ya dawo nake samun waya. Na karanta duka tun daga sama. Fim ɗin yaran gida suka nuna mini, wurin jini na kau da kai, amma wurin da ake bi ƙofa ƙofa da takarda ban iya kau da kai ba. A watan Nuwamba na 1969 gwamnatin Busia ta ba duk baƙon da ba shi da takardar zama mako biyu ya bar Ghana. A watan Janairu na 1983 gwamnatin Shagari ta yi irin haka, 'yan Ghana kusan miliyan ɗaya suka dawo gida. Ku karɓi ƙwar biyar daga tsoho.

'Ya'yana ku zo ku saurara,
A zangon Kumasi na fara,
Ina yaro, sittin da tara,
Busia ya ce a yi shara,
Mako biyu aka ba baƙi.

Maƙwabcinmu ɗan Zariya,
A nan ya auri amarya,
A nan ya haifi ɗiya,
Kuɗin mota ya zam wuya,
Ya karyar da keken ɗinki.

Bayan shekara sha uku, wata rana,
Legas ta ce da 'yan Ghana,
Ku ɗaure kaya, kar ku kwana,
Jakar nan da ta sami suna,
Har yau tana cikin ɗaki.

Takardar Wikus na san ta,
Na ga hannun da ya miƙa ta,
Ba fari ba ne, irin fatata,
Zulai, jinin fim wasa ne, 'yata,
Wancan ne ya bar mana miki.

Zulai 'yar Gusau

Allah ya ƙara lafiya, Baba. Keken ɗinkin nan ya fi duk hanjin fim ɗin taɓa ni. Yaya Ɗan Baiwa, ka gani? Baba bai zubar da jini ko ɗigo ba, kuma ga ni da hawaye.

Sarkin Zambo na Tudun Wada

Baba, na rusuna. Ban musa ko ɗango ɗaya ba, abin da aka yi a 1983 abin kunya ne a kanmu. Amma a watan Mayu na 2008 aka tashi wa baƙi a Afirka ta Kudu, daga Alexandra ta Johannesburg abin ya faro, mutum 62 suka mutu. Fim ɗin ya fito shekara guda bayan haka, kuma a garin da aka yi abin aka ɗauke shi.

Baba na rusuna, na ji zance,
Abin da kuka gani ba a mance.

Amma garin da ake ƙona baƙi,
Gawa ba ta daɗe ba a kwance,

Nan mai fim ya ɗauki kyamara,
Ya nuna 'yan ƙasata a haukace.

Yana roƙon tausayi wa baƙon sama,
Ya bar baƙon ƙasa a wulaƙance.

Ɗan Baiwa na Fagge

Baba, Allah ya ja kwana. Sarki, bukkokin da ka gani ba kafinta ne ya ƙera su don fim ba, a Chiawelo ta Soweto aka ɗauka, gidajen mutane ne da ake kwashewa a lokacin. Ka kuma tuna Christopher, baƙon saman nan mai ƙaramin ɗa da ya haɗa kai da Wikus.

Ka ce a hana, an hana, sai me?
Faifai ya shiga kasuwa a ɓoye a fakaice.

Da ministarku ta kalli Christopher,
Da ɗansa a hannu, a tsorace,

Da ta tuna motocin tamanin da uku,
Kafin ta ce wani ya ƙetare iyaka ya wuce.

Malam Mai Arulli

Baba Alhasan, ƙwar biyar ɗinka ta zauna, babban amsa-amo bai kuɓuce ba, sai dai ka haɗa "ƙi" da "ki", kuma farkon baiti na uku ya yi nauyi. A cire "wata rana" ko a cire "bayan". Ɗan Baiwa, ɗangonka na ƙarshe ya kusa kamo na Auwalu.

Hajiya Mai Goro ta Damagaram

Haba Malam! Dattijo ya faɗi abin da ya gani da idonsa, kai kana ƙirga masa gaɓa? In an cire "wata rana" ina amsa-amon zai tsaya?

Malam Mai Arulli

Shi ya sa na ba da zaɓi biyu, Hajiya. Girmama dattijo shi ne a gyara masa baiti don ya daɗe ana rera shi.

Baba Alhasan na Zangon Kumasi

A cire "bayan", Malam. "Ƙi" da "ki" kuwa a bar mini su, haka muke faɗa a zango.

Auwalu na bakin Kurmi

Na gyara nawa. Malam a duba.

Kano ta Dabo ba ta tsoron Zariya,
Fim ya ci riba a duk faɗin duniya.

Zulai 'yar Gusau

Auwalu, yanzu ya shiga, sai dai ba ka ce komai ba. Yaya Ɗan Baiwa, ba ka amsa wa Sarki ba, ka koma kan ministar da ta rasu. Christopher ya yi wa Wikus alkawarin dawowa bayan shekara uku, kai ma haka kake so mu jira amsarka? Na koma kan "wa" ɗina, mai raina ta ya raina.

Sarki ya ce nuna mutum ɗaya,
Ɗan Najeriya mai kyan zuwa.

Ka zagaya Soweto, ka je Cape Town,
Tambayar na nan ba amsawa.

Kawo sunansa in har akwai shi,
In babu, Yaya, bar zillewa.

Malam, auna min wannan ma,
Amma bari Yaya ya fara fitowa.