Wane abinci marar nama ne zai kwana bai lalace ba?

Assalamu alaikum 'yan uwa, don Allah shawara nake nema.

Wata biyu ke nan da likita ya hana surukata cin nama saboda ciwon gaɓoɓi, kifi kuma dama ba ta ci. Ni ƙarfe 7 nake barin gida a Hotoro, sai bayan la'asar nake dawowa daga aiki, shi ya sa da daddare nake yi wa Hajiya girkin gobe.

Alale na fara gwadawa, da manja da albasa. Ranar da aka ɗauke wuta tun tsakar dare, kafin azahar ya yi tsami, har yauƙi yake a cikin gwangwani. Na dawo na tarar ta jiƙa garin kwaki tana sha, wallahi sai da na yi hawaye. Miyar taushe ma, muddin da gyaɗa a ciki, ba ta kwana a zafin nan na Afrilu.

Kwaɗon zogale ne kaɗai ya karɓe mu, ina ajiye zogalen daban, dakakken ƙuli daban, ta haɗa da kanta. To ya fara gundurar ta.

Dambu zai kai awa 15 babu firji? Awara fa, in soya ta tun dare ko in bar ta ɗanya? Masu kula da tsofaffi, ku taimaka min.