Ƙauyukan Ingila: mi ne ne "farish", kuma yaya anka yi suka riƙe tarihinsu haka?

Ɗan Adar:
Salamu alaikum 'yan uwa. Ni malamin tarihi da labarin ƙasa ne a wani kwalej nan Tawa. Ƙanena da ke aikin jinya a Ingila ya turo min hoton wani ƙauye da ya tahi yawo ran lahadi, ya ce mutanen garin ba su kai ɗari ukku ba, ko kasuwa babu, amma cikin cocinsu akwai allo jikin bango an jera sunayen limamansu ɗaya bayan ɗaya tun shekarun 1300 har wanda ke kai yanzu. Wallahi abin ya tsaya min a rai, don ni garinmu in na ƙirga maigari huɗu baya sai in kakare. Ya ce wai wurin "farish" ne. To mi ne ne farish ɗin, kanto ne ko kwamin? Ina so in yi ma yara bayani.

Malam na Yamai:
Wa alaikumus salam abokin aiki. Shi ne abin da Faransawa ke ce ma faruwas. Asalinshi yankin coci guda ne da limaminta, ƙauye ɗaya ko biyu da gonakinsu, kuma manoman yankin na fidda ɗaya cikin goma na amfanin gona su kai, kusan yadda muke fidda dami ɗaya cikin goma, har yau akwai manyan rumbunan da anka gina don tara wannan hatsi. Sannu sannu gwamnati ta riƙa ɗora ma farish aiki, dokar 1601 ta ce kowane yanki shi ɗauki nauyin matalautanshi. A 1894 ne anka raba na coci da na mulki, anka kafa majalisun ƙauye, yau sun kai wajen dubu 10. Kar ka kai su matsayin kwamin ɗinmu, sun fi ta ƙanƙanta nesa, aikinsu bai wuce filin wasa, maƙabarta, hanyar ƙafa da zauren taro ba.

Maganar tarihi kuwa rubutu ne ya cece su. Wiliyam na Normandi ya ci Ingila a 1066, a 1086 ya aika anka ƙirga mishi ƙasar don haraji, wuri sama da dubu 13, kowane da garmunanshi da injin niƙanshi na ruwa da mai shi. Kundin sunanshi Domesday, yana nan har gobe. Sa'annan a 1538 anka umurci kowace coci ta rubuta baftisma da aure da jana'iza. Ko sunan garin ma shaida ne: mai ƙarewa da "by" kamar Grimsby Danmakawa ne sunka zauna, "ford" mashigin kogi, "ton" gona ko ƙauye. Kamar dai Gidan wane da Tunga da Dogon kaza wajenmu.

Baba Illela:
Malam ka yi bayani, Allah shi saka. Amma ɗana kar ka raina namu. Mu ma muna da masu riƙon tarihi, makaɗa da tsofaffi, matsalar in sun kwanta dama sun tahi da shi. Bara waccan rigimar iyakar gona ta kai mu har gaban sarki, gambar da kakanmu ya shuka kan iyaka an bi dare an tumɓuke ta, tsoho guda da ya san wurin ya rasu da wata biyu kahin nan, haka muna ji muna gani kusan rabin eka ya tahi. Har yanzu in na bi ta wurin ba ni iya duban shi. Su can ba su rigimar iyaka ne?

Malam na Yamai:
Baba sun yi ta sosai. Kahin taswira dabararsu irin tamu ce, shekara shekara dattawa su kwashi yara su zagaya iyakar farish da tsumagu ana dukan dutse da icce na iyaka don yaro ya girma bai mance ba, wasu garuruwan na yi har yanzu don al'ada. Kuma talaka ya sha wuya: tsakanin 1750 da 1850 masu hali sunka samu dokoki anka shinge makiyaya da gonakin haɗaka, kamar a ce an toshe burtali an ba mutum guda. Da yawa sun watse birni aikin masaƙa. Laxton a Nottinghamshire na cikin 'yan kaɗan da sunka rage da tsohon tsarin gonaki marasa shinge. Kufai ma suna da shi, sama da dubu 3, annobar 1348 ta ci wasu, wasu kamar Wharram Percy masu ƙasa ne sunka kori mutane wajen shekarar 1500 don kiwon tumaki ya fi riba.

Hajiya ungozoma:
Ɗan Adar in labarin da yara za su riƙe kake so, ba su na Eyam a Derbyshire. 1665 annoba ta shigo musu cikin ƙunshin yadi daga Landan, limaminsu William Mompesson ya shawo kansu sunka yarda ba mai fita garin don kar cuta ta kai maƙwabta. Ana aje musu abinci bakin iyaka, su kuma su sa kuɗi cikin ramin dutse mai ruwan tsami. Kusan mutum 260 sunka mutu, kuma an san sunayensu don an rubuta. Ni lokacin sanƙarau na san 'yan yara nawa munka rufe a ƙauyen da na yi aiki, amma yau ka ce in kawo sunayen, sai uwayensu kaɗai.

Ɗan Adar:
Na gode ƙwarai. Hutun nan zan ba kowane yaro kaye guda ya tahi wurin wanda ya fi tsufa a garinsu, ya rubuto jerin masu gari, asalin sunan garin, rijiyar farko, da kufan da ke kusa. Baba Illela in ka yarda zan turo yara biyu wajenka, ran wace kasuwa kake gida?